Kwano da Dubiya: Nazari a kan Kai wa Tsofaffi da Naƙasassu Abinci Gida a Amurka

A kowace ranar aiki, daga hantsi zuwa azahar, dubban motoci kan tashi daga ɗakunan girki na coci-coci da cibiyoyin unguwa da asibitoci a faɗin Amurka, ɗauke da abincin rana zuwa gidajen mutanen da ƙarfinsu bai kai su je kasuwa ko su tsaya gaban murhu ba. An fi sanin wannan aiki da sunan Meals on Wheels, wato abincin da ke tafiya a kan taya. Mai jin sunan daga nesa kan ɗauka hukuma guda ce, alhali shirye-shirye ne kusan 5,000 warwatse a jihohi, kowanne da shugabanninsa da asusunsa da tukwanensa. Akwai uwar ƙungiya, Meals on Wheels America, wadda ke magana da yawunsu a gaban majalisa da 'yan jarida, amma girki da rabo suna hannun na ƙasa. Abin da muke son tantancewa a wannan nazari shi ne mene ne ainihin abin da ake kaiwa ƙofar gidan nan, kuma me ke salwanta idan aka nemi rage kuɗin kai shi.

Kafin mu nutsa, ya kamata mu tsayar da ma'anar kalmomin da za mu yi aiki da su. Idan muka ce tsoho, mizanin dokar Amurka muke bi, wato mai shekara 60 zuwa sama, ko da ƙarfinsa ko babu. Naƙasa kuwa lalura ce ta jiki ko ta ƙwaƙwalwa da ke takura wa mutum ƙwarai a wani babban al'amari na rayuwa, kamar tafiya da gani da ji da kula da kai, kuma ba ruwanta da shekaru. Mazaunin gida shi ne wanda fita ta zame masa wahala saboda ciwo ko rauni ko rashin mai rakiya, har ya zama ba ya barin gida sai da dalili mai ƙarfi. Ɗan sa-kai shi ne mai ba da lokacinsa, sau da yawa har da motarsa da mansa, ba tare da albashi ba. Kalma ta ƙarshe ita ce dubiya. Mun ɗan faɗaɗa ta daga gaida marar lafiya zuwa ganin mutum ido da ido, ko na minti biyu ne, domin a tabbatar ya tashi lafiya kuma hankalinsa na tare da shi.

Yunwar tsoho a ƙasa mai arziki tana da saiwa uku, kuma bambanta su na da muhimmanci domin kowacce da maganinta. Ta farko ta aljihu ce: kuɗin fansho ya ƙare a haya da magani kafin wata ya mutu. Ta biyu ta jiki ce. Ga kuɗin, ga shago a bakin titi, amma ciwon gaɓoɓi ya hana hannu buɗe gwangwani, ido ya dushe ba ya karanta takardar kwali, haƙora sun zube, magunguna sun kashe ɗanɗano, kuma an karɓe lasisin tuƙi a garin da ba a zuwa ko'ina sai da mota. Ta uku ita ce mafi ɓuya, wato ta kaɗaici. Fiye da mutum ɗaya cikin huɗu na Amurkawa masu shekara 65 zuwa sama su kaɗai suke zaune a gida. Wanda ya yi shekara arba'in yana ci tare da matarsa, idan ta rasu, girki don bakinsa kaɗai kan fita daga ransa, sai ya koma shayi da biredi safe da yamma har jiki ya zabge. Tallafin kuɗi yana maganin saiwa ta farko. Dafaffen abinci yana maganin ta biyu. Ta ukun ba ta jin magani sai da mutum.

Tsarin ya samo asali ne daga Birtaniya a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. A 1938 Stella Isaacs, wadda aka fi sani da Lady Reading, ta kafa ƙungiyar matan sa-kai da ake taƙaita sunanta da WVS. Da jiragen Jamus suka yi wa birane ruwan bama-bamai, gidaje suka rushe, murhu ya mutu, matan nan ne suka riƙa dafa abinci suna kai wa waɗanda abin ya shafa. Daga nan aka gane akwai tsofaffin da ko babu bam ba sa iya girki, sai aka fara kai musu abinci gida a yankin Hertfordshire da ke arewa da Landan, a cikin shekarun 1940. Kayan aikin na talauci ne: a kan jera tukwane a keken tura jarirai, a lulluɓe su da tattaka da tsofaffin huluna don kada su huce a hanya. A Ostareliya kuwa, wata naƙasasshiya ce ta ɗauki nauyin abin. Doris Taylor, wadda ta yi mafi yawan rayuwarta a keken guragu, ita ce ta kafa shirin a jihar Ostareliya ta Kudu, aka fara rabo daga Port Adelaide a 1954. A wannan shekarar dai wata ma'aikaciyar jin daɗin jama'a, Margaret Toy, ta fara na Amurka a cibiyar Lighthouse da ke Filadelfiya, inda ɗaliban sakandare suka kasance cikin masu kai abincin. Abin lura shi ne a ƙasashen uku duka mata da makwabta ne suka fara, gwamnati ta biyo baya.

A Amurka gwamnati ta shigo a hankali, mataki bayan mataki. A watan Yulin 1965 Shugaba Lyndon Johnson ya sa hannu a Dokar Tsofaffin Amurka, wadda ta kafa hukumar kula da harkokin tsufa ta tarayya. A 1972, zamanin Richard Nixon, aka ƙara mata shirin ciyar da tsofaffi na ƙasa baki ɗaya, sai dai ƙarfinsa ya fi karkata ga cin abinci a taro. A 1973 aka samar da hukumomin tsufa na yankuna, waɗanda yau sun haura 600. Sai a gyaran 1978 ne kai abinci gida ya sami kason kuɗi nasa na kansa a ƙarƙashin babi na uku na dokar, aka kuma buɗe wani babi domin ƙabilun 'yan asalin ƙasar. Kuɗin kan sauko daga tarayya zuwa ofishin tsufa na jiha, daga nan zuwa hukumar yanki, ita kuma ta ƙulla yarjejeniya da masu girki da rabo. Kason tarayya bai kai rabin abin da ake kashewa ba. Ragowar daga jihohi da ƙananan hukumomi yake fitowa, da gidauniyoyi, da masu ba da sadaka, da ɗan abin da masu cin abincin ke bayarwa da kansu.

Sharuɗɗan dokar sun cancanci a tsaya a kansu, domin su ne suka ba shirin halinsa. Kowane kwano dole ya ƙunshi aƙalla kashi ɗaya bisa uku na sinadaran gina jiki da masana suka ƙayyade wa mutum a rana, kuma ya dace da ƙa'idojin cin abinci na ƙasa. Ana son a yi rabo aƙalla kwana biyar a mako, sai a karkara inda nisa ya hana. Sharaɗin da ya fi ɗaukar hankalinmu shi ne ba a binciken dukiya. Ba a tambayar tsoho takardar banki kafin a sa sunansa, ba a kuma yanka masa farashi. Ana dai gayyatarsa ya ba da abin da ya sawwaƙa, a asirce, kuma ba a hana shi abinci don bai bayar ba. A gefe guda dokar ta umarci a fifita mafi tsananin buƙata, ta fuskar talauci da ta zamantakewa. Muna ganin hikima a wannan haɗi. Tsohon da ya yi aiki duk rayuwarsa sau da yawa ya gwammace ya kwana da yunwa da a rubuta shi cikin mabarata, to ambulan ɗin da yake saka dala ɗaya ko biyu a ciki ita ce ke rufa masa asiri har ya karɓa da sakin fuska.

Ana iya kasa hidimar gida huɗu. Akwai abincin taro, inda tsofaffi masu ƙarfin fita ke haɗuwa a zauren coci ko cibiyar unguwa su ci tare. Akwai abinci mai zafi da ake kaiwa gida kullum, wanda shi ne tsarin asali. Akwai ƙanƙararren abinci, wanda ake kawo na kwana biyar ko bakwai a zuwa ɗaya, ko ma a aiko a kwali ta hannun kamfanin jigila, mutum ya adana a firiza yana ɗumamawa ɗai-ɗai. Na huɗu shi ne abincin jinya, wanda masanin abinci ke tsarawa daidai da cutar mutum: rage gishiri ga mai ciwon zuciya, auna sitaci ga mai ciwon suga, kiyaye wasu sinadarai ga mai ciwon ƙoda, markaɗawa ga wanda haɗiya ke yi wa wuya. Wannan kashi na huɗu daga annobar ƙanjamau ya tsiro. A 1985 Ruth Brinker ta kafa Project Open Hand a San Faransisko, Ganga Stone kuma ta fara God's Love We Deliver a New York, dukkansu domin matasan da cuta ta kwantar, dangi suka guje su, kuma shekarunsu ba su kai na shirin tsofaffi ba. Za mu koma kan wannan giɓi na shekaru a gaba. Muhawarar da ta fi zafi a yau tsakanin kashi na biyu ne da na uku.

Domin a gane abin da ake jayayya a kai, sai an dubi rabon kullum da kyau. Ɗan sa-kai kan iso ɗakin girki da hantsi, a ba shi jaka biyu masu riƙe yanayi. Ɗaya ta zafi ce, cike da farantai masu gida uku, nama ko kifi a babban gida, kayan lambu da dankali ko shinkafa a ƙananan, an liƙe saman da leda. Ɗayar ta sanyi ce, mai madarar kwali da biredi da 'ya'yan itace. Ƙa'idar tsaftar abinci ta tarayya ta ce a riƙe mai zafi a digiri 57 ko sama a ma'aunin Salshiyos, mai sanyi kuma a digiri 5 ko ƙasa, shi ya sa hanyar rabo ba ta cika wuce awa biyu ba. Tare da jakunkunan akwai takardar hanya: suna da adireshi, da irin abincin kowa, da ƙananan bayanai irin su a ƙwanƙwasa da ƙarfi domin mai gidan ba ta ji sosai, ko a yi haƙuri a jira domin da sandar tafiya yake zuwa ƙofa. Sai ƙa'idar da muke ganin ita ce ƙashin bayan aikin duka, wadda shirye-shirye da yawa ke bi: ba a ajiye kwano a bakin ƙofa a tafi. Idan an ƙwanƙwasa ba a amsa ba, ɗan sa-kai zai kira ofis, ofis ya buga wa mai gidan waya, in shiru ya kira ɗan'uwan da aka rubuta sunansa, in abin ya ci tura a nemi 'yan sanda su je su duba. Tsohuwar da ta faɗi a banɗaki da asuba ta kasa tashi, wannan ƙwanƙwasa ita ce ke raba tsakanin kwanciyar awa biyar a ƙasa da kwanciyar kwana uku.

Mai karatu Bahaushe ba zai sha wahalar gane wannan ba. Yaron da aka aika da kwanon tuwo gidan tsohuwar makwabciya, idan ya dawo ba tambayarsa ake yi ko ya miƙa ba kawai, a kan ce, "Yaya ka same ta?" In ya ce Iya na kwance ba ta ko ɗaga kai ba, kafin a jima uwar gida ta yafa mayafi. Aiken guda ne, amma saƙo biyu ya ɗauka, ɗaya zuwa, ɗaya dawowa. Abin da Amurka ta yi shi ne ta mai da wannan aike hukuma mai takarda da kasafi, saboda 'ya'ya sun yi nisa da iyaye kuma makwabta ba su san juna ba.

Shin akwai hujjar bincike cewa dubiyar na da amfani a karan kanta, ban da abincin? Gwajin da aka fi ambata shi ne na Kali Thomas ta Jami'ar Brown, wanda aka fitar da sakamakonsa a 2015. An ɗauki tsofaffi 626 daga jerin masu jiran a sa su cikin shirin a wurare takwas, aka raba su gida uku ta hanyar ƙuri'a: wasu ana kai musu mai zafi kullum, wasu ƙanƙararre sau ɗaya a mako, wasu kuma suka ci gaba da jira. Amfanin ƙuri'a shi ne ta hana mai bincike zaɓar waɗanda za su gaskata ra'ayinsa. Bayan mako 15, waɗanda suka sami abinci ta kowace hanya sun fi masu jira samun sauƙin kaɗaici, amma 'yan rabon kullum ne suka fi cewa hidimar ta rage musu shi, kuma a cikin waɗanda suka taɓa faɗuwa a baya, su ne suka fi tsira daga sake faɗuwa. Wajibi ne mu auna wannan sakamako da adalci. Lokacin gajere ne, mutanen ba su da yawa, akasarin bayanan daga bakin tsofaffin aka ji su, kuma uwar ƙungiyar masu rabon na da hannu a shirya binciken. Duk da haka, gwaji ne na ƙuri'a a fagen da irinsa ke da wuya, kuma inda ya nuna ya dace da abin da hankali ke tsammani.

Akwai kuma lissafin kuɗi, wanda shi ne yaren da majalisa ta fi ji. Medicaid, wato inshorar lafiya ta marasa ƙarfi da tarayya da jihohi ke haɗa kuɗinta, ita ce mafi girman mai biyan kuɗin zama a gidajen jinyar tsofaffi. A cikin mazauna gidajen nan akwai waɗanda ba sa buƙatar jinya mai nauyi, abin da ya kai su can shi ne rashin mai dafa musu da mai leƙa su. Thomas da abokin aikinta Vincent Mor sun nuna a 2013 cewa jihohin da suka fi kashe kuɗi a kan kai abinci gida sun fi ƙarancin irin waɗannan mazauna. Dangantaka ce aka gani, ba a tabbatar ɗaya ne ya haifar da ɗayan ba, amma tazarar da ke tsakanin kuɗin kwano ɗaya a rana da kuɗin gado a gidan jinya ta yi girman da ko kaɗan aka hana shiga, riba ta fito. Matsalar ita ce aljihun da ke biyan abincin daban yake da aljihun da ke cin ribar. Medicare, inshorar masu shekara 65 zuwa sama, a tsarinta na asali ba ta biyan abincin gida, sai wasu tsare-tsarenta da kamfanoni ke gudanarwa, su ma yawanci na 'yan kwanaki ne bayan sallama daga asibiti.

Yanzu sai batun naƙasassu, inda muke ganin tsarin ya fi rauni. Dokar Tsofaffi ta buɗe ƙofa ga matar tsoho ko mijin tsohuwa komai ƙarancin shekarunsu, ta kuma yarda a ciyar da naƙasasshen da bai kai 60 ba idan yana zaune tare da tsohon da ya cancanta, ko a rukunin gidajen tsofaffi da ake rabon abincin taro. To mai shekara 45 da shanyewar ɓarin jiki ta kama, kuma shi kaɗai yake zaune fa? Wannan kuɗi bai shafe shi ba, alhali buƙatarsa ta fi ta lafiyayyen ɗan shekara 62. Abin da ya rage masa shi ne shirye-shiryen Medicaid na kula da mutum a gidansa, waɗanda aka ba jihohi damar buɗewa tun 1981, ko ƙungiyar agaji idan garinsu na da ita, ko ya biya daga aljihunsa. Shirye-shiryen Medicaid ɗin nan sun bambanta daga jiha zuwa jiha, kuma dubban ɗaruruwan mutane ne ke jerin jiransu. Wannan na faruwa ne duk da Dokar Naƙasassun Amurka ta 1990, da hukuncin Kotun Ƙoli na 1999 a shari'ar Olmstead, wadda aka shigar a madadin mata biyu daga jihar Jojiya, Lois Curtis da Elaine Wilson. Kotun ta ce tsare naƙasasshe a cibiya ba tare da dalili ba, alhali zai iya zama cikin jama'a, wariya ce. Amma 'yancin zama a gida bai cika ba ga wanda babu mai kawo masa abin kaiwa baka a gidan. A 2012 aka haɗa ofisoshin tsufa da na naƙasa na tarayya a inuwa guda, sai dai haɗa ofis bai goge layin shekara 60 daga dokar ba.

Giɓin kwanaki ma tsoho ne. Kwana biyar na doka ya bar Asabar da Lahadi da ranakun hutu a buɗe, abin da ya sa marubuciyar harkar abinci Gael Greene da mashahurin mai girki James Beard suka kafa Citymeals on Wheels a New York a 1981, da kuɗin masu ba da gudummawa, domin cike waɗannan ranaku.

Annobar korona ta gwada tsarin gwaji mai tsanani. A watan Maris na 2020 aka rufe zaurukan cin abinci, mutanen taro suka koma jerin gida a dare ɗaya, kuma da yawa daga 'yan sa-kai, waɗanda su ma tsofaffi ne 'yan fansho, dole suka zauna a gida. Majalisa ta ba da ƙarin kuɗi, dala miliyan 250 a dokar gaggawa ta farko, miliyan 500 a ta biyu, sai miliyan 750 a 2021. Shirye-shirye da yawa suka koma kai ƙanƙararre na mako, suka maye gurbin ƙwanƙwasa da kiran waya, kuma a wancan hali babu mai ganin laifinsu. Da kuɗin gaggawa ya ƙare, farashin abinci da na mai suka hau, uwar ƙungiyar ta ba da rahoton cewa kusan shiri ɗaya cikin uku na da jerin masu jira. A irin wannan matsi, abin da aka koya don lalura kan zama al'ada, domin zuwa ɗaya ya fi zuwa biyar arha, kuma rahoton da ake aika wa hukuma kwano yake ƙirgawa. Birtaniya, inda abin ya fara, ta riga ta nuna inda hanyar ke iya kaiwa. Can doka ba ta wajabta wa ƙananan hukumomi wannan hidima ba, sai tsuke bakin aljihu ya yi ta cin ta. Ƙungiyar masu girkin gidajen kulawa ta ƙasar ta ƙirga cewa a 2014 kusan biyu bisa uku na hukumomin na ba da ita, a 2023 kuwa ba su kai ɗaya bisa uku ba.

Ba mu ce ƙanƙararren abinci ba shi da gurbi ba. Ga mazaunin karkara da ke da nisan tafiyar awa guda daga ɗakin girki mafi kusa, ko wanda ke zuwa wankin ƙoda sau uku a mako ba a samunsa a gida da rana, ko wanda 'yarsa ke leƙo shi kowace yamma, shi ne ya fi dacewa, kuma yana ba mutum damar zaɓar abin da zai ci da lokacin da zai ci. Sharaɗinsa dai shi ne mutum na da firiza da na'urar ɗumamawa, da ido da hannun sarrafa su, da ƙwaƙwalwar tuna cewa bai ci ba. Waɗanda suka rasa waɗannan su ne ainihin mutanen da aka kafa shirin dominsu. Saboda haka zaɓi tsakanin rabon kullum da na mako ya kamata ya fito daga tantance halin kowane mutum a gidansa, kuma tantancewar ta bi buƙata, ba shekarar haihuwa ba. Duk hukumar da za ta mai da mazaunin gida mai zaman kaɗaici daga zuwa biyar zuwa ɗaya, wajibi ne ta faɗi a fili wanda zai riƙa duba shi a sauran kwana huɗun, ta kuma sa kuɗin wannan dubiya a cikin kasafinta.